Sha'irin Zakkar Kono a Guangzhou

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne wawan, kuma da babbar riga na yi wautar.

Azumi ne ya riske mu a Guangzhou, can ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da baƙar fata ba su da yawa a unguwar Dengfeng. Mu 'yan Kano ne masu sarin riguna a kasuwar Shisanhang, mun haɗu mun kama gida ɗaya. A ɗakin ƙasa akwai wani mutumin Maraɗi da dillalinsa ya ɓace da kaya, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. Ba ya roƙo. Da mu yake buɗa-baki, amma mu washegarin Sallah za mu tashi gida, shi kuwa ba ranar tafiya. Sai muka ce mu haɗa zakkar kononmu gaba ɗaya mu ba shi, ya samu abin ci bayan mun tafi.

Kowa ya ce shinkafa. Nan ne ilimina ya motsa. Na yi allo har na wuce rabi, na kuma ɗan zauna a zaure kafin kasuwa ta janye ni, kuma a garin da ba malami wannan ya ishe ni zama Shehu.

Na ce, "Shinkafa? A ina kuka ga an ambaci shinkafa? Dabino aka ce, da sha'ir."

Abokin tafiyata, wani ɗan Kantin Kwari, ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin sha'ir kuwa?"

Na ce, "Na karanta shi."

Suka danƙa mini kuɗin.

Wani Basine Musulmi mai sayar da taliya ya rubuta mini sunan abin, mai tasi ya kai ni kasuwar hatsi a bayan gari. Ranar jajiberi ce. Na nuna wa wata mata takardar, ta ja ni gaban buhuna biyu. Na farko ƙanana ne 'ya'yansa, ga ƙura ga tsakuwa, rabi a karye. Na biyu kuwa ɓul-ɓul, fes, kamar an wanke kowace ƙwaya. Ta danna kwakuleta ta nuna mini farashin kowanne. Mai kyan ya yi wa ɗayan nisa sosai.

Na yi mata alamar tambaya. Ta nuna na arahan, ta tura hancinta sama da yatsa, ta yi gurnani. Ko wanda bai taɓa shiga Sabon Gari ba ya san alade ta kwaikwaya. Sannan ta nuna mai tsadan, ta ɗebo wasu 'ya'ya da ta jiƙa a faranti, duk sun fito da tsiro, ta kafa babban yatsa a baki kamar kwalba, ta yi tangaɗi tana dariya. Wato ɗaya na aladu, ɗaya na kamfanin giya, kuma tsadar ta tsiron ce, don in bai tsira ba masu giya ba sa so.

Na nuna bakina, na nuna cikina. "Lawban," wato mai shago, "na mutane fa?"

Ta girgiza kai. "Meyo." Babu.

Na zaga layin kaf, duk meyo. Na dawo na tsaya tsakanin buhunan nan da azumi a baki, ƙafa na ciwo, ba wanda zan tambaya da harshen da zai ji. Ga shinkafa can tsallaken hanya, fara tas. Amma in koma da shinkafa in kalli ɗan Kwari da wane ido? Sai na yi wa kaina fatawa a tsaye: ƙwayar da ba ta shiga tukunyar giya ba tukuna ba ta da laifi, kuma ba a ba Allah abin da aka ware wa alade. Na sayi mai tsadan. Kuɗin da zai cika buhu da shinkafa bai kai rabin buhu ba, ban ma tabbata awon ya cika ba.

Na sauke a gaban mutumin Maraɗi, na ja doguwar addu'a. Ya sa hannu ya damƙo, ya murza.

"Alhaji, mi ne ne wanga?"

"Sha'ir. Abincin magabata."

"Da ƙaiƙayinshi?"

Sai a lokacin na lura. Kowace ƙwaya na sanye da ɓawo mai kaifi, manne da ita. Ba turmi a gidan, ba taɓarya, ba inji. Muka gwada kwalbar lemo a kan siminti, matar da ke da gidan ta taho tana ihu. Muka zuba a tukunya, ya tafasa har ruwa ya ƙone, muka ƙara, ya sake ƙonewa. Cikin ya yi laushi, ɓawon yana nan kamar ƙaya. Mutumin Maraɗi ya kai loma ɗaya, tari ya sarƙe shi har da hawaye.

Da safe muka dawo daga Idi. Aljihun kowa ya riga ya zama riguna a kwantena, ɗan abin da ya rage na hanyar filin jirgi ne. Aka yi wa mutumin Maraɗi karo-karo, abin da ya fito ba zai kai shi ko'ina ba. Na je in mayar da sha'irin, matar ta ce wanda aka buɗe buhunsa masu giya ba sa karɓa, sai dai ta saya a farashin na aladu. Na dawo da shi a ka.

Na sami mutumin Maraɗi zaune a bakin katifa cikin bargo, yana tsince ɓawo da farce, ƙwaya-ƙwaya. 'Yan'uwa duk suna tsaye, ba mai kallona. Sai na gyara murya.

"Ɗan'uwa, ka yi haƙuri. Wallahi irin wannan Sahabbai suka ci, kuma ba su yi ƙorafi ba."

Bai ko ɗago kai ba.

"Sahabbai suna da dutcin niƙa, Alhaji. Kai baki kaɗai ka kawo."