Hular da Ba a Mayar wa Baba Ba

Jiya ina shan shayi a wani shago a Sulai, talabijin ta nuna wata ƙasar Turai tana ba tsofaffin sojojinta haƙuri, waɗanda ta kora a da saboda suna son jinsinsu. Har hulunansu na soja ake mayar musu. Shayin ya huce a hannuna, domin na tuna Baba.

Ba mahaifina ba ne, mai gadin siton da nake dako ne. Dattijo ne da furfura, amma ban taɓa ganinsa da hula ba, ko ranar Juma'a. Zafin Riyadh ya gasa masa tsakar kai har tana sheƙi, mutanenmu kuma ba abin da suka iya sai gulma.

Da wata sallah na sayo masa hula. Ya jujjuya ta, ya sunsuna, ya miƙo mini.

"Ɗana, soja ne ni a gida. An ce ina son wani abokin aikina, kuma ba ƙarya aka yi ba. A filin fareti aka fizge hulata. Abin da aka cire a bainar jama'a, a bainar jama'a ake mayarwa. Khalas, shi ke nan."

Ba wanda ya zo mayarwa. Likkafani ne ya rufe masa kai, ni na naɗa. Har yau tafin hannuna yana jin santsin fatar nan.

Allah, Kai ne mai suturta bawa. Ka sa Baba a inuwa, ya sha rana.