Kawu Abdu Rediyo da Mintin Shiru

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Abdu ya san ba a gaishe shi a tsaye. In ka ce masa ina kwana, nemi wurin zama. Zai tambayi mahaifinka, ya tambayi ƙafar mahaifinka da ta kumbura bara, ya tambayi jakin nan naku mai yagaggen kunne, daga nan ya gangara kan yadda wake ya yi tsada a kasuwar Konni. Kana cewa lahiya lau, yana ƙaro wata. Inna, wato mahaifiyata, ita ce yayarsa, kuma ta ce tun yana goye haka yake: nono a baki, amma yana gunaguni. Shi ya sa sunan Rediyo ya bi shi har cikin meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, lokacin da ya zama mer, shugaban kwaminmu. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Gyara ɗaya kawai yake yi.

"Rediyo ana kashe ta," in ji shi. "Ni ko sai Mai Sama."

To, Mai Sama ya kira bawansa. 'Yan uwa na nesa sun ji labarin abin da ya faru a gaban meri ranar sadakar arba'in gutsure-gutsure, kowa da irin nasa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne Kawu ya bar mini wasiyya guda: kada in bari a yi masa mintin shiru. Ni Hadiza, wadda ko a gidan suna sai an ce in maimaita abin da na faɗa.

Rigimarsa da mintin shiru tsohuwa ce, kuma a gabana ta fara. Ina kwalej a Konni lokacin, shi kuma sabon mer. Wani babban ma'aikaci ya rasu, aka tara manyan yankin, mu 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, aka jera mu cikin rana. Faransancin Kawu bai wuce na gaisuwa ba. Parefe, babban wakilin gwamnati a yankin, ya tashi ya ce da Faransanci, "In minit da silans." Wato minti guda na shiru. Kowa ya miƙe ya sunkuyar da kai. Kawu ya miƙe shi ma, ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya taɓa na kusa da shi. Kun san raɗar Kawu, har mu da ke bayan fili mun ji.

"Mi muke jira?"

"Shiru, Mer."

"Liman na bai zo ba?"

"Shiru ake yi ma mamacin."

"Shirun da shike ciki bai ishe shi ba, sai mun ƙara mishi?"

Sai kawai ya ɗaga hannuwa ya ce Fatiha da muryar nan tasa. Hannuwan mutane ba su nemi izinin kowa ba. Na ga wani jandarma ya maƙale bindiga a hammata yana shafawa. Shi kansa parefe sai da ya shafa, kafin ya tuna cewa fushi ya kamata ya yi. Bayan taro ya ja Kawu gefe.

"Musye le Mer, purotokwal ne fa."

Kawu ya kama hannunsa da tausayi. "Allah shi jiƙan Purotokwal shi ma. Ban san mutum biyu munka rasa ba."

Har yau ban sani ba ko kuskure ne ko yana sane. Na tambaye shi sau da yawa, kullum sai ya canza zance zuwa wake.

Amma kada yaran yanzu su ɗauka surutun banza ne. Da bakin nan ya riƙe ƙasa. Wata kaka, tun kafin a saki gonaki, shanun wani makiyayi mai suna Ja'e suka shiga geron Malam Sa'idu. Suka iso meri kowa da mutanensa, kowa da sanda. Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi, ya ce a jingine sanduna, sannan ya ce zai ɗan yi gabatarwa. Ya fara daga kakan Sa'idu, yadda ya sari gonar. Ya koma kan kakan Ja'e, yadda shanunsa suke kwana a gonar nan da rani suna zuba taki, ana ba shi damen gero. Ya faɗi sunayen shanun. Aka yi azahar, aka dawo, ya ɗora daga inda ya tsaya. Da rana ta karkata, Malam Sa'idu ya ɗaga hannu.

"Mer, na yahe."

Ja'e ya ce, "Ni ko rani mai zuwa shanuna gonarshi za su kwana. A bar ni in tahi, ba a yi tatsa ba."

"Ku dakata," in ji Kawu. "Ban zo kan kakanninku mata ba."

Tun daga ranar, in manomi da makiyayi suka fara ɗaga murya a daji, sai ɗaya ya ce, "Mu gyara nan, ko mu tahi wurin Rediyo?" Sai a gyara. Muna dariya, amma duk shekarun da ya yi a kujerar nan ban taɓa jin an zubar da jini a kan gona ba.

Sai labarin siminti, wanda matarsa Hajiya Rabi ba ta gama yafe masa ba sai da ya kwanta ciwo. Wani ɗan kwangila yana neman aikin gina azuzuwan lakwal. Ya biyo hanyar Malbaza da kamiyo, babbar motar kaya, ya sa aka sauke buhunan siminti a ƙofar gidan Kawu. Kun san katangar gidan, ta laka ce, kowace damina sai wani gefe ya zube. Hajiya Rabi tana leƙe ta zaure, har ta fara zaɓen inda za a fara.

Mutumin ya rage murya. "Wanga tsakanina da kai na, Mer. Shiru-shiru."

Kawu ya ce, "Madalla."

Ranar kasuwa ya ari lasifikar masallaci. "Jama'a, ku taya ni godiya. Wani bawan Allah ya kawo siminti sadaka don a gyara bakin rijiyar gari. Kuma saboda tsananin tsoron Allah ya ce kada a hwaɗi sunanshi." Sai ya faɗi sunan, da na mahaifinsa, da unguwarsu. Mutumin ya sha addu'a har ta ishe shi, aikin lakwal kuma wani ya samu.

Da ya koma gida Hajiya Rabi ta ce, "Alhaji, ko buhu guda ba ka bar ma katangarmu ba?"

"Rabi, katangar ga kowace damina tana sujada. Ki bar ta da ibadarta."

Ciwon ƙarshe a ƙirji ya kama shi, numfashi yana yi masa wuya. Ni nake kai masa kunu asibiti da hantsi. Likita ya ce lalle ya rage magana.

"Likita, ka ce in rage gishiri, na rage. Ka ce sukari, na rage. In na rage wagga kuma, mi ya saura ka yi ma magani?"

Wata rana Hajiya Rabi ta fita alwala, ya yafuto ni da hannun da ba a sa wa ƙarin ruwa ba.

"'Yar lakwal, ke ke jin yarensu. In na tahi za su zo da kujeru da jawabi, ban hana ba. Amma in kin ji sun ce silans, ki tare."

Na ce, "Kawu, ka bar wannan zance, za ka tashi. Kuma ni mace, cikin manya, ina ni ina tare parefe?"

"Ban ce ki kama shi da kokawa ba." Ya tsaya ya nemi numfashi, abin da ban saba gani ba. "Can inda za ni shiru na da yawa, ɗiyata. Ku aiko mini da abin da za ya amfane ni."

Na ce to. Ban san nauyin wannan to ɗin ba sai da ya rasu, aka sanar cewa meri za ta yi taron girmama shi ranar sadakar arba'in, har da baƙi daga Tawa. Hajiya Rabi tana takaba, ba ta fita. Inna ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi. Saura ni.

Na fara da sakataren meri. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Madam, mu ma mun san halin tsoho, amma haka tsarin ya zo daga sama." Na aika wa liman, ya ce in sun gama nasu mu yi namu, ai duk ɗaya ne. Maigidana ya ce in yi masa addu'a a zuci, Allah yana ji. Gaskiya suka faɗa dukansu. Amma ba su ne suka ce to ba.

Da na rasa yadda zan yi, sai na yafa mayafi na nufi tasha wurin Alhaji Illa mai motoci. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne abokin hamayyar Kawu. Duk zaɓen da Kawu ya tsaya, Alhaji Illa yana ɗaya gefen, kuma a majalisar kwamin shi kaɗai ne mai muryar da ke iya ratsa ta Kawu. Gidanmu da nasu sai gaisuwar hanya. Na same shi a kan benci yana yi wa wani direba faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juyo ya dube ni.

"Ke ɗiyar wa ce? Ta Hajiya Mariyama?"

"E, Baba."

"To ji nan. Shekara da shekaru ina neman minti guda da Abdu za ya yi shiru, ban samu ba. Yau gwamnati da kanta za ta ba ni shi, ki ce in hana? Tashi ki tahi. Ki gaida Rabi."

Na koma gida ina share hawaye da bakin mayafi.

Ranar taro aka kafa rumfuna a gaban meri. Mutane sun zo daga Tsarnawa, daga Dogarawa, har daga Illela, ga makiyaya sun tsaya can gefe da sandunansu. An kafa babban hoton Kawu, bakinsa a rufe. Tsofaffin mata suka yi ta kallonsa suna cewa bai yi kama da shi ba. Aka yi jawabai. Sannan babban baƙon ya gyara tabarau ya faɗi kalmomin nan da nake tsoro. Kowa ya miƙe.

Ina can baya cikin mata. Na buɗe baki. Da ƙyar na ce, "Fatiha." Matar da ke kusa da ni kaɗai ta ji, ta raɗa mini, "Fati ta tahi ɗibar ruwa."

Shi ke nan, na ce a raina, Kawu ka yafe mini. Wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin gaban meri haka ba. Ana jin wata kamiyo can nesa a kan titi, ana jin kukan akuya a bayan masallaci. A lokacin ne na gane da gaske cewa ya tafi, don da yana ko'ina cikin garin nan da an ji shi.

Sai kujera ta faɗi a sahun gaba. Alhaji Illa ne ya ture ta.

"A'a. Ba ni iyawa." Muryarsa ta karye. Ya juya wajen hoton. "Abdu, ka ce wani abu mana. Ko zagina ka yi." Ya share fuska da hannun riga, sannan ya daka wa liman tsawa kamar direbansa ne. "Malam, mi kake jira? Mutumen ga bai son shiru, ya bar wasiyya. Ɗiyarshi ta zo har tasha ta hwaɗa mini. A yi mishi Fatiha."

Liman ya ɗaga hannu, fili duka ya ɗaga. Wasu suna kuka, wasu suna dariya, yawancinmu duka biyun. Babban baƙon ya kalli agogonsa, ya kalli jama'a, sannan ya buɗe tafukansa shi ma. Amin ɗin da aka yi ranar, na tabbata an ji ta har bakin titi.

Ana watsewa Alhaji Illa ya biyo ta wajen mata, ya tsaya kusa da ni yana kallon wani wuri.

"Kada ki hwaɗa ma kowa na yi kuka."

"Baba, ai gari duka ya gani."

"To su ma kada su hwaɗa."

Na wuce kai tsaye ɗakin Hajiya Rabi na ba ta labari. Tun rasuwar ban ga haƙoranta ba sai ranar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta yi istigfari, ta goge ido da gefen zane. Sannan ta ce, "Ni abin da nike roƙa mishi, in mala'iku sunka zo tambaya, Allah shi ba shi ikon amsawa a taƙaice."

Amin, Hajiya. Ya Allah, ga bawanka Abdu ya zo gare ka. Bakinsa bai ci haƙƙin kowa ba, ya kashe wutar da ta fi ƙarfin sanda, ya yi magana a inda wasu suka ji tsoro. Ka tabbatar da harshensa a kan kalmar shahada, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Ka yafe masa abin da ya yi yawa, ka ba Hajiya Rabi da Inna haƙurin gidan da ya yi musu tsit. Mu kuma da ya bari, ka sa kada mu gaji da aika masa. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah kada ya rufe bai yi wa Kawu Fatiha ba.