Inda Aka Kira Kaka Kicin

A gidanmu na unguwar Mansur, a Makka, hira ba ta farawa sai Kaka ta hau saman rufi da kaskon gawayinta. Ba sanyi ne yake sa ta hura wuta ba. Ita dai ta ce shayin da aka dafa a kan gas ruwan zafi ne kawai aka ba shi launi. Bayan isha'i sai mu shimfiɗa tabarma, ni da ƙannena, ta ɗora buta ta jefa na'ana'a, ƙamshin tsiren da ake gasawa a bakin titi yana hauro mana. Sunanta na ci, shi ya sa Baba yake kirana Ummi, ita kuma take ce min Takwara. Yaran maƙwabta suna kiran kakanninsu Sitti, amma ita ba ta yarda ba. Ta ce duk wanda ya kira ta da Larabci ya je ya nemi labari a wani rufin.

Labaranta ba su yi kama da na sauran kakanni ba. Babu kura, babu zomo. Akwai maza masu malafa da doguwar kwat, da jirgin ƙasa, da wayar tarho da ke ta kuka a gidan da babu kowa. In za ta fara sai ta gyara zama ta ce, "An kashe fitila, bango ya ɗau haske." Mu kuma mu amsa, "Muna kallo."

Sai da na ɗan yi wayo na gane inda take samo su. Tana yarinya iyayenta suka zo da ita daga ƙasar Kano, suka zauna. Ta yi aure a nan, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, wato Baba. Sai ta bar shi wurin wata 'yar'uwarta, ta tafi Jidda aikatau a gidan wani attajiri. Mai gidan yana da injin majigi. Duk ranar Alhamis yakan tara abokansa a tsakar gida, a haska finafinan Turawa marasa launi a jikin bango, irin na kisa da ɓoye-ɓoye. Kaka ce mai zagayawa da gahawa. Takan tsaya can baya, buta a hannun hagu, finjalai a dama, tana kallo ta saman kawunan baƙi. Ba ta jin yaren, ba ta kuma iya karanta Larabcin da ke gudu a ƙasan hoton. Fuskoki take bi, da hannuwa, da wanda ya kalli ƙofa lokacin da bai kamata ba.

Matsalar ita ce baƙi suna cin abinci da zarar an kunna fitila. Saboda haka daidai lokacin da fim ya ɗau zafi, uwar gida za ta aiko a kira ta ta je ta haɗa faranti. Ta ga farkon finafinai masu yawa, ba ta taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba. In ta kawo mu wurin da numfashinmu ya tsaya sai ta ɗaga murfin buta ta leƙa, ta ce, "Nan aka kira ni kicin." Mu yi ta magiya. Sai ta ce to, ga abin da ita ta ce ya faru, ta ƙarasa da nata.

Guda ɗaya ne ba ta taɓa ƙarasawa ba, shi ne kuma muka fi roƙo. Wata mata ce mijinta ya mutu, an tsinci gawarsa a kan layin dogo. Ta ci gaba da zama da surukinta, tsoho makaho, a wani gida shi kaɗai kusa da tasha. Wata rana sai ga wani mutum da jaka, mai yawan fito, ya ce shi ne ƙanin mijin, wanda ya bar gida tun yana yaro. Tsohon ya shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya rungume shi. Aka ba shi ɗaki. Amma matar ta lura tun daga ranar tsohon ya koma kwana da takalmansa a ƙafa. Ta kuma lura baƙon yana ƙwanƙwasa bango in ya zaci ba kowa. Wani yammaci tsohon ya kamo hannunta ya damƙa mata mabuɗi, bai ce komai ba, ga fiton baƙon yana saukowa daga bene. Ta ruga ɗakin ajiya ta rufe ƙofa. Fiton ya tsaya. Hannun ƙofar ya fara juyawa a hankali.

Nan take tsayawa. Ko mun yi kuka ba ta ƙarawa. Ta ce sauran duk ta san yadda mutanensu za su ƙare, amma wannan tsohon ya fi ta dabara, ba za ta yi masa ƙarya ba.

Baba ba ya son wannan hira. Direban tasi ne tsakanin Makka da Jidda, mutum mai tsabta da kamewa, wanda ya sha wuya kafin ya samu wurin tsayawa a garin da aka haife shi. Yakan hau rufin ya karɓi shayinsa ya zauna gefe, in aka zo maganar kicin sai ya miƙe ya sauka. Wata rana ƙanwata ta je makaranta ta ba ƙawayenta labarin har da gahawa da uwar gida, suka yi ta tsokanarta, ta dawo tana kuka. A daren nan Baba bai sauka ba. Ya durƙusa kusa da kaskon, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, don Allah ki bar gaya wa yaran nan maganar gidan mutane. Ki ce a talabijin kika gani."

Kaka ta juya gawayi da ɗan ƙarfenta.

"Aiki na yi, Sani. Ba sata na yi ba. In na ce a talabijin na gani, wa ya kira ni kicin?"

Ya sumbaci kanta kamar yadda ya saba, ya sauka. Ita kuma ba ta canza ko kalma ɗaya ba.

Shekarar da na shiga sakandare Baba ya sayo bidiyo, don kallon kaset na bukukuwa da wa'azi. A layinmu akwai shagon wani ɗan Yaman mai hayar kaset. Wata rana muna dawowa daga kasuwa Kaka ta ja birki a ƙofar shagon, ta nuna wani kwali da ƙura ta rufe a ƙasan kantar shagon, ta ce ta san mutumin nan mai malafa. Tsofaffin finafinai ne waɗanda ba mai haya. Mai shagon ya yi mamakin ganin tsohuwa cikin abaya ta tsuguna tana juya kaset ɗaya bayan ɗaya, tana kusanto da su fuskarta. Mun koma gida da uku.

Daga nan muka zama abokan sana'a. Ita ke gane fuskoki, ni ke karanta suna. Muka bi shagunan Mansur, muka tsallaka zuwa unguwar Rusaifa, har masu shaguna suka san mu, suna ajiye mana duk abin da ba shi da launi. Ta kwashe zannuwa daga akwatin ƙarfenta ta mayar da shi gidan kaset. In mun zauna kallo ina karanta Larabcin ina juya mata shi da Hausa, in na yi tuntuɓe ta gyara min, kuma yawancin Hausar da nake rubutu da ita yau a gaban wannan akwatin talabijin na same ta. Idan muka iso inda aka taɓa kiranta sai ta ce in tsayar, ta sake faɗin nata ƙarshen, sannan mu ga nasu. Wani lokaci ta dace, har ta tafa hannu. Wani lokaci ta yi nisa da su, sai ta taɓe baki ta ce Turawan nan sun gaji ne suka rufe labarin haka.

Na tsohon makaho kam ba mu same shi ba. Ba mu san sunansa ba, babu kuma kwalin da ya nuna fuskar da take nema.

Ana cikin haka ta fara karo da gefen ƙofa. Baba ya kai ta asibiti, likita ya ce ciwon idon irin wanda ba ya komawa baya ne, magani zai rage masa gudu kawai. Ba ta yi kuka ba. Ta dai matso da kujerarta dab da talabijin, ta ce min mu ƙara yawan kallo.

Watanni suka wuce. Wata ranar Laraba Baba ya shigo gida da la'asar, lokacin da bai saba dawowa ba, bakinsa yana motsi kamar mai tasbihi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya kira ni, ya faɗi wasu kalmomi na Larabci, ya ce in riƙe su kar su ɓace. Sunan fim ne. Tun daga Jidda yake maimaita shi.

Sai a lokacin ya gaya mana. Tun ranar da suka dawo daga asibiti, duk fasinjan da ya ɗauka in ya ga furfura a kansa, sai ya ba shi labarin matar da makaho da mai fito, ya tambaye shi ko ya taɓa gani. Wasu su yi dariya, wasu su yi barci. Kusan kowa kuma sai ya tambaya ina ya samo labarin. Ya ce da farko yakan ce wata tsohuwa ce ta ba shi. Daga baya ya ga in bai faɗi gidan da zamanin da injin majigin ba, ba wanda zai iya tunawa. Sai ya fara faɗi duka, cewa mahaifiyarsa ce, tana zuba gahawa ta gani. A wannan Larabar ce ya ɗauki wani dattijo ɗan Masar wanda a da yake kai fayafayan majigi gidajen attajiran Jidda. Tun kafin Baba ya kai wurin mabuɗi mutumin ya buga cinyarsa ya faɗi sunan, har ya so ya faɗi ƙarshen, Baba ya roƙe shi ya yi shiru.

Kaka tana zaune a kan darduma tana ji. Ta tambaye shi mutum nawa ya gaya wa. Ya ce bai ƙirga ba, amma ba kaɗan ba ne. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta juya fuska bango na ɗan lokaci.

Samun kaset ɗin ma ya ɗau makonni. A wani lungu na tsohon garin Jidda Baba ya same shi, an kwafa daga wani kwafin, hoton yana rawa. Ranar da za mu kalla Baba bai fita aiki ba. Shi ya hura gawayi, shi ya dafa shayi, ya yi masa sukari da yawa ba wanda ya ce komai. Ya zare wayar tarho daga bango, ya gaya wa Umma, mahaifiyarmu, duk wanda ya buga ƙofa a ce ba a ganin Inna yau.

Komai yana nan yadda ta faɗa, har takalman tsohon a ƙarƙashin bargo. Da hannun ƙofar ya fara juyawa sai ta damƙe min wuyan hannu har na ji zafi. Ban tsayar ba, ita ma ba ta ce in tsayar ba. Ƙofar ta buɗe, baƙon ya tsaya a kan matar. Sai muryar tsohon daga waje, yana kiransa ɗana, yana ce masa abin da yake ta nema a bango yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya je ya ɗauka ya bar yarinyar mutane. Mutumin ya sauka da gudu. Matar ta kalli mabuɗin da ke hannunta, ta gane na ina ne, ta bi bayansa ta kulle shi a ciki. Na fassara abin da tsohon ya gaya wa 'yan sanda: ƙaramin ɗansa ya daɗe da mutuwa, da hannunsa ya binne shi. Fiton nan kuwa ya taɓa jin sa a bayan taga, ranar da babban ɗansa bai dawo gida ba. Ya rungumi mutumin ne don kar ya kuɓuce.

Hoton ya ƙare, talabijin ya koma shuuu. Kaka ta saki hannuna.

"Ai na sani," ta ce. "Wanda ɗansa ya dawo ba ya kwana da takalmi."

Sai ta ƙara da cewa matar ce dai ba ta da sauri, da ita ce tun a ɗakin ajiya za ta gane mabuɗin. Baba ya yi dariya har ya share ido.

Ba a daɗe sosai ba ganinta ya tafi gaba ɗaya. Ba mu daina kallo ba. Na koma faɗa mata har da abin da ke fuskar mutum da inda ya sa hannunsa, tana kishingiɗe tana kama mai laifi tun kafin ni. Bayan rasuwarta akwatin ya dawo hannuna. Na mayar da abin da ya mayu zuwa faifai, na ci gaba da tarawa, yanzu har da 'yan ƙungiya muke, mata da maza daga Makka da Jidda, muna musayar tsofaffin finafinai.

Da ina yarinya na ɗauka abin alfaharin shi ne basirarta, yadda take karanta labari ba tare da jin kalma ɗaya ba. Yanzu da na girma, na yi aiki a ƙarƙashin mutane, na san yadda ake ji in an tambaye ka asalinka ana kallon fatarka, abin da ya fi tsaya min shi ne ba ta yarda ta gyara wurin da ta tsaya ba. A baya take, da buta a hannu, daga nan ta gani, daga nan kuma ta faɗa. Baba ya ɗau shekaru kafin ya iya faɗar haka a gaban baƙo, kuma ina alfahari da shi daidai da yadda nake yi da ita.

Kwanakin baya wasu daga cikin 'yan ƙungiyar suka zo gidanmu ganin kaset ɗin asali. Wata malamar jami'a ta tambaye ni a gidan wa aka fara wannan sha'awa. Na ce kakata ce, ta yi aikatau a wani gida a Jidda, tana raba gahawa take kallo. Baba yana gefe a kujerarsa, ya tsufa, na zaci ma barci yake. Sai ya ɗaga yatsa ya ce in faɗi daidai: ba rabawa kawai take yi ba, ita ke soyawa ta daka da kanta, kuma baƙin gidan ba sa yarda su sha ta wani.