Kifin Banda a Turmi

Mahaifina Bakabe ne na Argungu, kakansa da kakan kakansa duk a ruwa suka ci abinci. Ni kuwa, 'yarsa ta fari, ko warin kifi na ji sai in toshe hanci in bar tsakar gida. A Nasarawa ta Birnin Kebbi muke zaune, lokacin muna jihar Sakkwato, kuma kowa a layinmu ya san ni da wannan iyayi. An yi lallashi, an yi tsawa, ban ci ba. Tuwon shinkafa da miyar kukar mahaifiyata kawai na sani, ina ci har in suɗe kwano.

Ina shekara bakwai kakata ta wajen uba ta zo daga Argungu da kwandon tarwaɗar banda. Aka ajiye mini guda, na ture.

"Wagga ɗiya ba ta cin kihi?" in ji ta. "Ku ba ni ita in tahi da ita gobe. Shekara guda wurina, da ƙaya za ta haɗiye shi."

Ba wasan jika take yi ba. Kaka in ta nemi riƙo, ba a hana ta. Mahaifiyata kuwa kunyar 'yar fari ta ɗaure mata baki. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta ce a gaban surukarta a bar mata ni. Ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa. Na ji haushinta ƙwarai, na ɗauka ba ta damu ba.

Da la'asar ta aike ni ɗebo ruwa, kamar kullum in za ta ɗora miya. Ranar ban je ba, na laɓe bayan zana ina kumbure-kumbure. Sai na ga ta jawo turmi, ba can bayan madafa inda ta saba ba, har gaban tabarmar kaka. Ta ɓare tarwaɗa biyu, ta cire ƙaya, ta daka da daddawa, ta tankaɗe a rariya, ta juye a tukunya. Hannunta ya saba, ba ranar ta fara ba. Kaka kuwa kallo kawai take yi.

Ashe shekara da shekaru kifi nake suɗewa.

Aka zubo tuwo. Na dubi miyar, na dubi mahaifiyata. Ta ba ni baya tana wanke ludayin da ya riga ya fita. Na gutsura, na dangwala, na haɗiye. Na cinye tas, na suɗe kwanon yadda na saba.

Kaka ta yi dariya ta ce, "Riƙe abarki, ɗiyata. Kin hi ni dabara."

Mahaifiyata ba ta juyo ba. Amma ta ajiye ludayin.