Abin da na ji daga cikin kwandon goro

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin sabulu a Ilupeju, cikin Legas, ba ni da abin ɗebe kewa sai littattafan soyayya na zamanin da, irin waɗanda ake kai labarin can lokacin fatake da ganuwa. A danfo, motar haya, nake karanta su, tafiya da dawowa. Kowa da wurin da yake jira a irin waɗannan littattafai. Ƙawata ta fi son inda budurwa za ta naɗa rawani ta bi ayari a matsayin namiji, madugu yana ta mamakin yaron da ba ya wanka a rafi da jama'a. Ni kuwa nawa ɓuya ne: saurayi ya zo zance, a ji takun uban yarinya, a cusa shi cikin adudu, tsoho ya zo ya zauna a kai yana ba da labarin ciwon gwiwarsa.

Wata Asabar muna gardamar wannan a zauren gidanmu a Agege. Mahaifina goro yake sayarwa, don haka ba a rasa manyan kwanduna jingine da bango. Ƙawata ta ce ƙaryar marubuta ce, babban mutum ba zai shige kwando ba.

"Oya, shiga mu gani," in ji ta.

Da girmana na shiga. Na naɗe gwiwa har haɓa, ta rufa min buhu tana dariya. Ban gama gyara wuyana ba muka ji sallama.

Gwaggonnin wanda zan aura ne, su biyu. An riga an kawo kayan gaisuwa, saura sa rana, suka faɗo wajen mahaifiyata ba sanarwa. Ƙawata ta rikice. Ta shimfiɗa musu tabarma dab da kwandon, ta ce bari ta kira Mama a maƙwabta, ta fice ta bar ni.

Na so in fito. Sai na hango kaina ina ɓullowa gaban surukai da busasshen ganye a ka, na fasa.

Suka ɗan yi ƙorafin cunkoson hanya, sannan ƙaramar ta rage murya.

"Yaya, yarinyar ta san zancen komawa gida kuwa?"

"Ina! Ya ce kada a taɓa maganar sai an ɗaura. Ana gama biki za a sa ta a mota ta tafi wajen Hajiya, mahaifiyarsa. Tsohuwa ba ta iya tashi, wa zai kula da ita? Shi ya zauna da shagonsa a kasuwar Alaba, ya riƙa leƙawa da Sallah."

"Aikin nata fa?"

"Wane aiki? Za ta yi kukanta ta gaji."

A Agege aka haife ni, kakana ma nan aka binne shi. Garin nasu a hoto kawai na taɓa gani. Kuma ni da shi har ɗakunan haya mun je dubawa a Ojo.

Ban yi kuka ba, ban ma ji haushi a lokacin ba, don ƙafata ta mutu kuma ita ce damuwata. Can Mama ta shigo ta ja su ciki. Ƙawata ta yaye buhun ta ce, "Yaya dai?" Na ce mata mutum yana shiga.

Washegari da saurayin nawa ya zo na tambaye shi. Bai musa ba.

"Uwata ce fa. In ba matata ba, wa zai yi?"

Na ce jinyar ba ita ce matsalar ba, da ya yi min magana ƙila mu ɗauko ta mu kawo ta Legas.

Ya ce, "Da na faɗa miki ai ba za ki yarda ba."

Wannan amsar ce ta raba mu. Na gaya wa mahaifina. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko da kunnena na ji, na ce e. Bai tambayi a ina ba, ni ma ban yi tayin bayani ba. Cikin satin aka mayar musu da kayansu.

Har yau ba na ganin mutumin a matsayin mugu. Yana son mahaifiyarsa, ya nemo mata mafita, sai dai mafitar ni ce kuma bai ga dalilin sanar da ni ba. Abin da na ɗauka daga ciki kaɗan ne: in ana shirya rayuwa da kai, ka tambayi inda za ka kwana bayan an watse, ka sake tambaya.

Bara na haɗu da babbar gwaggon a kasuwar Jankara tana zaɓen atamfa. Muka gaisa da mutunci, ta tambayi yarana. Har na juya ta riƙo mayafina.

"'Yata, don Allah, wane munafukin ne ya kai miki maganar nan? Har yau ba ma ga maciji da matar ƙanena a kai."

Na ce, "Gwaggo, ki je ki nemi gafararta. Daga bakinki na ji."