Warin da ya biyo mu daga Tibiri

Damanar da na fara sarin ƙwan zabi, ƙanena ne ya kai ni Tibiri da motarsa. Tsohuwar mota ce da aka shigo da ita daga Turai. Na bi gidaje na tara ƙwai, muka jera su a kwanduna da ƙaiƙayi, muka kamo hanyar Dogon Dutsi.

Ba mu yi nisa ba na ji wari, irin na ƙwan da ya dagule. Na yi fatan mushe ne a bakin hanya. Mun wuce gonaki da dama, warin yana nan. Ga masu shayi suna jiran ƙwan a gari, kuma wannan ne karon farko da suka amince da ni.

Na ce, "Tsaya. Kayan nan sun lalace."

Muka tsaya kusa da wata rijiya. Na ari kwano wurin matan da ke ɗiban ruwa, na riƙa saka ƙwan a ciki. Mai kyau nutsewa yake yi, ruɓaɓɓe ya taso. Duk wanda na saka sai ya kwanta a ƙasa. Na shinshina kwandunan, ba komai sai ƙamshin ƙaiƙayi.

Ƙanena bai kashe motar ba. Ya zagaya baya, ya durƙusa wajen salansa, bututun hayaƙin motar, ya ɗago yana toshe hanci.

"Yaya, ba ƙwanki ba ne. Motata ce."

Ya ce a cikin bututun hayaƙin akwai wata tukunya mai ramuka kamar saƙar zuma, ana kiranta katalizar. Ita ke ƙarasa ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. In man fetur yana da farar wuta da yawa, sai ta taru a tukunyar, in inji ya ji nauyi ta fito da wannan wari. Da safen nan ya zuba wa motar man da ake sayarwa a kwalba a bakin tasha.

Na zauna a gindin rijiyar ina dariya. Wata tsohuwa cikin matan ta taya ni goge ƙwan da muka jiƙa.

Da muka iso gari ya sauke ni a kasuwa, ya wuce gareji aka zuƙe man, ya zuba wani. Kafin la'asar na raba ƙwan duka, ba wanda ya dawo da ko ɗaya.