Malam Ubaidullahi, Wanda Ya Auna Sikeli a Gaban Alƙali

Da yawanmu mun ɗauka sikeli ba ya ƙarya, duk abin da allurarsa ta nuna shi ke nan. Mutumin da ya raba ni da wannan zato, Malam Ubaidullahi, tsohon jami'in duba awo da ma'auni, ya rasu a gidansa da ke Gwandu ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malam, ina koyar da kimiyya a sakandare a Kalgo lokacin da aka kama tsohon ɗalibina, Yusufu ɗan Dangoma, da ƙunshin tabar wiwi. Bai musa ba. Sai dai takardar ƙara ta ce kilo biyu ce, masu ƙara kuma suka ce mai kilo biyu dillali ne, ba mashayi ba. Shekarun da suke nema masa a kurkuku sun isa su cinye ƙuruciyarsa. Ya rantse tabar ba ta kai haka ba, amma wa zai saurari rantsuwar wanda aka kama da kaya a hannu?

Da na kawo maka kuka, tambaya ɗaya ka yi: da wane sikeli aka auna? Ashe ranar na jami'an da suka kama shi ya lalace, suka ari na Hajiya Zulai mai sayen shinkafa. Duk kasuwa an san sikelinta ya saki, ana cire masa kilo ɗaya da rabi a kowane buhu. Su baƙi ne, ba wanda ya gaya musu.

Ina kotu ranar da ka shigo da akwatin duwatsun awonka na tagulla. Ka rataya sikelin ba komai a jikinsa, allura ta tsaya a ɗaya da rabi. Ka ɗora dutsen kilo ɗaya, ta nuna biyu da rabi. Lauyan masu ƙara ya miƙe ya ce, "Baba, su kuma duwatsun naka wa ya auna su?" Ka yi murmushi ka ce, "Ɗana, shekara talatin ina jiran mai yi mini wannan tambaya." Ka zaro takardar shaidar gwajinsu, da kwanan wata da hatimi. Aka sake awo a sikelin da ka tantance, tabar ba ta wuce rabin kilo ba.

An hukunta Yusufu daidai laifinsa, wata takwas ya fito. Da ya zo godiya ka ce masa, "Kada ka ɗauka wanke ka na yi. Hanawa na yi a haɗa maka laifin sikeli da naka." Yau yana noman albasa, kuma da shi aka ɗauki makararka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya nauyaya mizaninka na alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Safiya da 'ya'ya da jama'ar Gwandu baki ɗaya. Allah Ya ba da haƙuri.

Ku kuma ɗalibaina, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ku fara duba ko allurar sikelin unguwarku tana kan sifiri in ba komai a kansa, sannan ku auna gora wofi, ku zuba mata lita guda, ku sake ɗora ta. In ya fara daga sifiri, ya kuma ƙara kilo ɗaya cif, ku yaba wa mai shi. In ya saɓa, ku faɗa masa cikin ladabi, kafin a auna wani da shi.